Tocilar ko-ta-kwana ta nutso: wacce ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saya?

Abdulhadi (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen manya. Wata mai kamawa zan shiga horon nutso mataki na biyu a nan Abhur, bakin tekun Jidda, kuma a ciki akwai nutson dare. Malaminmu ya ce babbar tocila za su ba mu aro, amma ta ko-ta-kwana kowa ya zo da tasa. Na leƙa wani shagon kayan nutso, wadda suka nuna mini kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Da na duba intanet kuma sai ga wasu kamar kyauta, riyal 30, riyal 40, an rubuta musu lumen 10,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), wai ruwa ba ya shigarsu. Abin da zan iya fitarwa bai wuce riyal 200 ba. Don Allah wacce zan saya?

Sadik Mai Gyara (Kano): Wa alaikumus salam. Ni ba na nutso, gyaran waya da fitilu ne sana'ata, amma wannan lumen 10,000 ɗin kada ma ka saurare shi. Kafin ƙwai ya ba da haske haka sai ya ja wuta wajen wat 80 zuwa 100. Batiri ɗaya na 18650, wato batirin litiyam na caji wanda irin waɗannan tociloli ke ci, duk ƙarfinsa bai wuce ya ba da wat 12 na tsawon awa guda ba. Ka yi lissafi da kanka, ko minti goma ba zai kai ba, ga zafin da zai dafa cikin tocilar. Wanda ya yi maka ƙarya a kan kwali, me zai hana shi yi maka ita a cikin robar da ke tare ruwa?

Nura (Legas): Sadik ya gama magana a nan. Bari in ƙara ɗaya. In ka ga an rubuta IPX8 kawai, wannan ba ya nufin tocilar nutso ce. Ma'anarsa tana jure zama cikin ruwan da ya wuce mita ɗaya, zurfin kuma kamfanin ne ke faɗa da bakinsa, yana iya zama mita 2 kacal. Kai kuwa horon da za ka shiga har mita 30 yake kai mutum. Kowace mita 10 ka sauka, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa, wato a mita 30 ya ninka sau huɗu. Ka nemi wadda aka rubuta zurfinta ƙarara, mita 100 ko fiye, mai zoben roba biyu ko uku a wuyanta.

Abdulhadi (Jidda): Na gode Yaya Nura. To amma lumen nawa ne ya isa? A zatona wadda ta fi haske ita ta fi.

Nura (Legas): A'a ƙanena. Aikin ta ko-ta-kwana ba burge kifi ba ne. Ranar da babbar ta mutu, uku kake bukata: ka ga ma'aunin iskarka da zurfinka, abokin nutsonka ya gan ka, ku fito lafiya. Lumen 300 zuwa 1,000 na gaskiya sun yi wannan aikin har da ragi. Abin da ya fi lumen muhimmanci shi ne faɗin hasken. Akwai masu baza haske digiri 100 zuwa 120, waɗannan na masu ɗaukar bidiyo ne. Ta ko-ta-kwana ka nemi mai tsinin haske, digiri 6 zuwa 12. Ni a ƙarƙashin jiragen ruwa nake aiki a nan Legas, ruwanmu kuwa wani lokacin ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. In ka kunna mai baza haske a irin wannan ruwa, kamar ka kunna babbar fitilar mota ne cikin hazon hunturu, farin bango kawai za ka gani a gabanka, don duk ƙurar da ke yawo a ruwan sai ta dawo maka da hasken cikin ido. Mai tsini tana ratsawa, kuma da ita ake magana da abokin nutso.

Zainab (Alƙahira): Yaya Nura, ruwan Bahar Maliya fa ba na Legas ba ne. Shi a Jidda zai shiga, ruwan garau yake.

Nura (Legas): Haka ne Malama Zainab. Amma ko a Bahar Maliya, mutum ɗaya ya buga ƙafa a kan yashi kusa da ku da daddare, ruwan ya gurɓace. Ga batun ishara. Da haske mai faɗi yaya za ka zana da'ira a ƙasa ya gane kana cewa lafiya lau? Hasken babbar tocilarsa zai shanye naka.

Malam Habu (Fot Sudan): Assalamu alaikum. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, tun da yaƙi ya tsayar mana da aiki, amma wannan tambayar ta shafe ni. Ɗana Abdulhadi, ka saurara. Shekaru na yi ina aiki a jiragen da ke kai baƙi nutso a bakin Fot Sudan. Akwai wani jirgin Italiya a nan kusa da mu, Umbria, wanda mutanensa suka nutsar da shi da kansu a watan Yunin 1940 don kada Ingila ta kwashe bamabaman da ke cikinsa. Yana kwance a gefensa har yau. Cikinsa akwai tsofaffin motocin Fiat guda uku a jere, ga kwalabe zube, ga buhunan siminti da suka zama dutse, ga laka mai laushi ta lulluɓe komai. Ko da rana tsaka, in ka kutsa ciki sosai duhu ne.

Wata rana muna ciki da wani baƙo, babbar tocilarsa ta ɗauke. Yana da ta ko-ta-kwana kuwa, mai tsada ma. Amma ina take? Tana can cikin aljihun rigar iskarsa, wato rigar da mai nutso ke hura wa iska don ta riƙe shi a cikin ruwa, an ja zif, ga safar hannu a hannunsa. Ina kallonsa yana lalube, numfashinsa ya canza, kumfa na fita da sauri da sauri, ƙafarsa na tayar da laka. Da ya samu ya zaro ta, ya danna, shiru. Tun jiya da yamma maɓallin ya dannu a cikin jaka, ta kwana tana ci har batirin ya ƙare. Na kama hannunsa na ɗora a kan tawa muka fito.

Shi ya sa ni ra'ayina ɗaya ne kuma ba na canzawa. Ka sayi wadda ake murɗa kanta ta kama, babu maɓalli, babu haske kala uku, babu walƙiya. Ka sa mata batirin da ba a caji, sabo fil, ka bar ta. Masu shiga kogon ruwa, waɗanda dokarsu fitila uku ce, babba ɗaya da ƙanana biyu, a kan irin wannan suka daɗe, kuma su ne mutanen da in haske ya ɗauke musu ba su da sama da za su taso.

Abdulhadi (Jidda): Subhanallahi. Allah ya saka da alheri Baba Habu. Allah ya kawo muku zaman lafiya.

Zainab (Alƙahira): Amin. Baba, na yarda da kai a rabi, ka yi haƙuri zan saɓa maka a rabi. Batun murɗawa na yarda, tawa ma haka take. Amma batirin da ba a caji ban gamsu ba. Ni in na samu hutu Dahab nake zuwa, wani garin nutso a bakin Bahar Maliya a nan Masar, kuma ƙaramar tocilata kullum tana jikina ko da rana, saboda ja shi ne launin da ruwa ke fara shanyewa, tun wajen mita 5 ya fara dusashewa. A mita 20 murjani duk sai ka gan shi toka-toka da shuɗi, kana haska shi sai ja da ruwan lemo su fito. Ɗalibi kamar Abdulhadi mai riyal 200 ba zai sayi tocila ya rataye ta yana jiran ranar tsautsayi ba, zai so ya more ta. In batirin sayarwa ne, kullum yana cikin saye. Na caji kuwa, ya cika shi dare kafin nutso, ya san a cike yake. Shi wancan da aka saka tun watanni uku, wa ya san abin da ya rage a cikinsa?

Malam Habu (Fot Sudan): 'Yata, tocilar da kike leƙa ramuka da ita tun safe ba ta ko-ta-kwana ba ce, tocilar rana ce. In dare ya yi ta riga ta gaji.

Zainab (Alƙahira): Sai a canza batiri mana Baba. Ai biyu nake tafiya da su.

Malam Habu (Fot Sudan): Kuma duk buɗewa ɗaya dama ce ga gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta hau kan zoben roba. A kan jirgi, hannu da gishiri, iska na kaɗawa, ana sauri. Yawancin tocilolin da na ga ruwa ya shiga, ba a zurfi matsalar ta fara ba, a kan benci ta fara, lokacin da mai ita ya buɗe ya rufe.

Sadik Mai Gyara (Kano): Ku ba ni dama in shiga tsakani ta ɓangaren da na sani. Kowannenku da gaskiyarsa. Batirin alkalin idan zai mutu a hankali yake yi, haske na raguwa kana gani, kana da lokacin shiri. Na litiyam mai allon kariya kuwa, idan ya kai iyakarsa yana iya yankewa lokaci guda, sai dai in tocilar tana rage haske da kanta kafin nan. Wannan maki ne ga Baba. Amma alkalin yana da nasa aibin: yana zubar da ruwa in ya daɗe a ciki, balle a zafi irin na Jidda. Ana kawo mini fitilu da rimot da wannan farin garin ya cinye musu sifirin, wani ko an kankare ba ya tashi. Duk wanda zai bi hanyar Baba, ya riƙa cire batiri in ya dawo gida, kada ya bar shi ciki wata da watanni.

Akwai hanya ta tsakiya kuma. Tocila mai cin AA, ka sa mata na caji irin Eneloop, waɗanda ba sa zubar da cajinsu da wuri ko an ajiye su. In ka je wani ƙauyen bakin teku babu wuta, kowane kanti ka shiga za ka samu AA na sayarwa.

In kuma 18650 za ka bi, Abdulhadi, batirin da ya zo a cikin kwalin tocila mai araha kada ka ba shi amana kai tsaye. Na gaskiya ba ya wuce 3,500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) ko kusa da haka. Duk wanda ka ga an rubuta 6,000 ko 9,900, jabu ne. Ka ɗora shi a kan ƙaramin ma'auni, na ƙwarai yana kai gram 45 zuwa 50, jabun sai ka ji shi sakayau a hannu.

Nura (Legas): Ni 18650 nake amfani da shi kuma bai taɓa ba ni kunya ba, amma sharaɗina ɗaya: gwajin bokiti. Ko wacce iri ka saya, ka cika bokiti da ruwa, ka kunna ta ka jefa ciki, ka duba agogo. A cikin ruwa fa, don waɗannan tociloli ruwa ne ke sanyaya su, a waje zafi suke ɗauka. Ka ga minti nawa take yi kafin haske ya faɗi, kuma yaya take mutuwa, a hankali ko farat ɗaya. Nutson dare na horo ba kasafai yake wuce awa ɗaya ba. In ba ta ba ka awa ɗaya da rabi na haske mai amfani ba, ba ta yi ba. Abin da ke kan kwali ba shi ne hujja ba, abin da ka gani a bokitinka shi ne.

Garba (Yawuri): Salamu alaikum manya. Ku gafarce ni zan ɗan karkata. Mu nan bakin Kwara muke, in kwalekwale ya kife mu ake kira neman mutane. Da numfashinmu muke shiga, babu tukunyar iska. Irin wannan tocila za ta taimake mu?

Nura (Legas): Wa alaikumus salam Malam Garba, Allah ya ba ku lada, aikinku ba ƙarami ba ne. Gaskiya lokacin damina da ruwan ya yi ja, ko wace tocila ce ba za ta nuna maka abin da ya wuce kamu ɗaya ko biyu ba, hannu ne idonku kamar yadda kuka saba. Amfaninta babba a wajenku shi ne na saman ruwa su san inda kake, musamman da magariba. Ƙarama mai tsinin haske, a ɗaure a hannu yadda ba za ta hana ka aiki ba. Amma ina roƙonku, kada tocila ta sa wani ya ƙara daɗewa a ƙasa fiye da yadda numfashinsa ke kai shi, ko ya kutsa ƙarƙashin jirgin da ya kife babu igiya a jikinsa da mai riƙe da ita a sama.

Shugaban Zaure: Malam Garba, wannan batu naka ya cancanci zamansa daban, don akwai abin faɗa da yawa. Ka buɗe masa sabon zance bayan isha'i, za mu taru a kai in sha Allahu. A nan mu ƙarasa wa Abdulhadi.

Abdulhadi (Jidda): Na fahimta sosai. To masu maɓallin maganaɗisu fa? Na ga suna da yawa, ana turawa da babban yatsa, kuma an ce babu ramin da ruwa zai bi.

Zainab (Alƙahira): Ramin kam babu, wannan gaskiya ne, kuma da hannu ɗaya ake kunnawa. Amma yashi na maƙalewa a ƙarƙashin abin turawar, kuma in ta matso kusa da kamfas ɗinka allurar na iya karkata. A horonku akwai darasin bin hanya da kamfas, ka ga ba ka son wannan. In kana son suna, tawa OrcaTorch D520 ce, ta murɗawa, batiri 18650 ɗaya, an rubuta mata mita 150. Suna da wata ƙarama D560 mai cin AA ɗaya, wadda za ta fi kwanta wa Baba a rai. Na ga mutane da Sofirn da Wurkkos ma suna yabawa, amma ban riƙe su ba balle in yi shaida. Ka duba farashi a wajenku, ni dai tawa ba ta fita daga irin kasafinka ba.

Malam Habu (Fot Sudan): Sunan kamfani ba na jayayya a kansa. Abu biyu zan ƙara game da ta murɗawa, don ita ma tana da tarkonta. Ɗaurewa ke kunna ta, kwancewa ke kashe ta. Wanda ya rikice a ƙasa ya yi ta kwancewa yana neman haske, da hannunsa zai buɗe wa ruwa ƙofa. Ka zauna a ɗaki ka kashe fitila, ka rufe ido, ka yi ta kunnawa kana kashewa har hannunka ya haddace. Na biyu, in ka kashe ta da ɗan kwancewa kaɗan, matsin ruwa zai tura kan ciki ta kama da kanta a ƙasa ba ka sani ba. Ka kwance rabin zagaye bayan ta mutu, ba fiye ba, sannan in kun sauka ka kalli ƙirjinka ka tabbatar ba ta ci.

Nura (Legas): Ga inda za ta zauna, tunda labarin Baba ya nuna aljihu ba wurinta ba ne. Ka sayi maƙallin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, mai harshen da ake ja da yatsa, ka ɗaure shi a gindin tocilar da zaren nailan mai ƙarfi, ka ƙona bakin zaren. Ka maƙala a zoben ƙarfen da ke kafaɗarka, kan tocilar na kallon ƙasa. Sai ka je wajen mai faci ka karɓi tsohon tub na keke, ka yanko zobe mai faɗin yatsa biyu, ka zura a ɗamarar kafaɗar ya riƙe kan tocilar kada ta riƙa lilo tana dukan murjani. Ranar bukata, ka zaro kan daga robar, ka kunna tukuna, sannan ka cire maƙallin. In ta suɓuce tana ci, za ka gan ta. In ta suɓuce a mace cikin duhu, ta tafi.

Abdulhadi (Jidda): Wannan na tub ɗin keke ban taɓa ji ba wallahi. Zoben robar kuma da me ake shafa masa? Ina da basilin a gida.

Sadik Mai Gyara (Kano): Kul! Basilin daga man fetur aka yi shi, yana kumbura wasu robobin ya lalata su. Man silikon ake sawa, ɗan kaɗan, zoben ya yi sheƙi kawai ba ya yi danƙo ba, don in ya yi yawa shi ke kama yashi. Kuma kada ka zaro zoben da allura ko wuƙa, ka matse shi da yatsu biyu ya taso.

Malam Habu (Fot Sudan): Kafin daren nan, ka roƙi malaminku ka shiga da ita nutson rana sau ɗaya babu batiri. Ka naɗe 'yar takardar goge hannu ka tura ciki ka rufe. In kun fito ka wanke ta da ruwan daɗi, ka goge, ka buɗe. Takarda a bushe, tocila ta ci jarrabawa. In da danshi, ka mayar musu tun ba ka yi asarar batiri ba. Ranar da kuma ruwan gishiri ya shiga tana da batirin litiyam a ciki, Allah ya kiyaye, ka buɗe ta a fili nesa da fuskarka, don iska na taruwa a ciki, batirin kuma kada ka sake sa shi a caji.

Zainab (Alƙahira): In za ka tafi gida hutu da ita, batirin a jakar hannu ake sawa, ba a babban akwati ba, dokar jiragen sama ce. Ka cire shi daga tocilar ka sa a ɗan kwalinsa na roba kada ya haɗu da makulli ko kuɗin ƙarfe. Sannan da daddare ka kula da kifin nan mai dogayen ƙayoyi masu dafi, a Dahab bin hasken tocila yake yi don ya kama ƙananan kifayen da haske ya ruɗa. Kada ka kai hannu inda ba ka haska ba.

Abdulhadi (Jidda): Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, kun yi mini abin da mai shago bai yi ba. Ga abin da na yanke. Zan sayi ta murɗawa mai 18650, in sayi batiri ɗaya na ƙwarai daban, da maƙalli da man silikon. Na lissafa, kuɗin zai isa da kyar. Baba ka yi haƙuri ban bi ta AA ba, ina son in riƙa shiga da ita da rana ma.

Malam Habu (Fot Sudan): Babu komai ɗana, kuɗinka ne kuma ka ji kowane ɓangare. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakata. In ka samu hali nan gaba, ka ƙara ƙarama mai AA a ɗaya kafaɗar, wadda ba ka taɓa ta sai don gwaji. A daren horon kuma, wadda ka yi yawo da ita da rana ka cika batirinta a masauki, a kan tebur mai tsabta, ka rufe ta tun kafin ku hau jirgi.

Nura (Legas): In ta iso ka turo mana hoton wuyanta mu ga zoben nawa ne, da abin da bokiti ya nuna. Ka auna batirin da ya zo da ita ma, ina son in ji nauyinsa.

Garba (Yawuri): Shugaba, na buɗe zancen can. Oga Nura don Allah ka leƙo, akwai tambaya a kan igiya.